Kakar da Aka Hana Inna Waƙa

Innata ba ta iya sussuka baki rufe ba. Da kaka, idan mata suka jera turame a bayan gari, ita ke ba da waƙa, sauran su yi amshi, taɓare na sauka daidai da muryarta. Wanda duk ta ga dama sai ta saka shi ciki, har Baba bai tsira ba. A yi dariya a wuce.

Ina tsakiyar sakandare wani Alhaji mai gona kusa da tamu ya nome burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya. Shanu suka rasa wajen bi, suka ratsa ta cikin geronmu. Maza suka yi ta gunaguni a majalisa, ba wanda ya ɗaga murya. Inna kuwa ta ɗauki taɓarya ta rera, "Mai shuka a hanyar shanu, ta sama ka ce su bi?" Kafin kasuwar Gezawa ta sake ci, yara sun haddace ta.

Alhaji ya kai ƙara gidan mai unguwa, na raka iyayena. Inna ta zauna a gefen soro cikin mayafi, Baba ya durƙusa yana ba da haƙuri a madadinta. Aka yi maganar mutunci da haƙƙin maƙwabtaka, har 'yan sanda an ambata. Ni kuma Allah bai yi ni da riƙe magana ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, to ƙarya ta yi?" Baba ya galla mini harara, mai unguwa ya yanke cewa kada a ƙara jin muryar Inna a wajen sussuka.

Ta kuwa bi. Tana zuwa, tana aikinta, baki gum. Ƙarar taɓaren nan babu waƙa ta fi komai yi mini ciwo. Baba ya so in karanta aikin jinya, na kafe sai lauya, don tambayata na nan ba a amsa mini ba.

Da na gama karatun lauya na dawo gida da ɗokina, na same ta tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Na ce, "Inna, ashe babu dokar da ta hana ki waƙarki. Ba su da hurumi."

Ta yi dariya. "Kayya, lauya, kin zo an tashi kasuwa. Yanzu inji ke sussuka. Turmin ma ga shi kina zaune a kai."

Na ce ta rera mini ni kaɗai, zan yi mata amshi. Ta ajiye gyaɗar, ta gyara murya, ta buɗe baki. Na jira, na jira.

Ta ce, "'Yar nan, ta tafi. Ko farkonta ban tuna ba."