Lotsattsen Gwangwanin Hajiya

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mai ɗakina, Hajiya Asabe, Allah ya yi mata rahama. Kowace shekara idan watan ya zagayo nakan ɗauki alƙalami in ajiye, domin duk abin da na fara rubutawa sai ya fito kamar na kowa: tana da haƙuri, tana da zumunci, ta yi shekara talatin da wani abu tana koyarwa a firamare a nan Dutse. Duk gaskiya ne. Amma waɗanda suka san ta sun riga sun sani, waɗanda ba su san ta ba kuma ba abin da zai ƙara musu. Bana abin da ya zaunar da ni tsoro ne, kuma tsoron a kan wani ɗan kek ne da gwangwani guda ɗaya. Mai karatu ya yi mini uzuri.

Ni fataucin ƙaro na yi. Na bi shi daga dazukan nan namu har Cadi da Sudan, daga baya harkar ta kai ni Jidda da Alƙahira. Fillanci tun ina yaro a Miga na iya shi, Larabci da Faransanci kuwa a hanya na tsince su. A wata goma sha biyu da ƙyar nake yin biyar a gida. Hajiya ce ke fama da yara biyar, ga aji yana jiran ta tun kafin ƙarfe takwas. Babu yadda za ta hura wuta kullum da safe ta dama koko ta soya ƙosai, ta yi wa ƙananan wanka, ta kuma isa makaranta kafin a buga ƙararrawa.

Sai ta nemo dabara. Ranar Lahadi da hantsi takan jiƙa busasshen dabinon Dutse ta cire ƙwallon, ta daka shi da citta da kanumfari da kirfa da ɗan masoro, ta kwaɓa da fulawa da ƙwai da man shanu. Ta shimfiɗa kwaɓin a wani tire mai kusurwa huɗu. A tsakar gida take gasawa: babbar tukunya da yashi a ƙasanta, gawayi a ƙarƙashi, garwashi a kan murfi. Idan ya huce ta yanka shi gida-gida kamar an raba fegi, kowane yanka tsawon yatsa, faɗin yatsu biyu. A gidanmu “mai dabino” muke ce masa. Kowane yaro zai ɗauki nasa da safe ya haɗa da shayi, ya sa wani a jaka. Tire ɗaya yakan kai mu Juma'a.

Ni ma ina da nawa kason. Duk tafiyar da zan yi sai na tarar da ƙunshi a ƙasan jakata, a naɗe cikin tsofaffin takardun aji. Na taɓa buɗe shi a Injamena kwana biyar da barina gida, yana nan da laushinsa. Na ci kayan zaƙi a ƙasashe da dama, don haka ba son kai ke sa ni magana ba. Basbusar Khartum tana ɗigar ruwan sukari, sai ka zauna da faranti da cokali. Ma'amul na Jidda shi ma da dabino ake yi, amma ɗaya-ɗaya ake buga shi a cikin katako mai zane, aikin matan da suka ware yini guda ne saboda sallah. Kek ɗin Faransawa da na gani a Yamai a cikin gilashi yake zama, kafin yamma ya fara sauya fuska. Na Hajiya don masu sauri aka yi shi. Ba ya ɓata rigar makaranta, ba ya marmashewa, hannu ɗaya ya isa. Wani abokin cinikina Basudane ya ɗanɗana ya ce lallai matata tana da hannun mutanensu. Da na dawo na faɗa mata ina jin na kawo mata yabo. Ko kallona ba ta yi ba ta ce, “Ka koma ka ce masa hannun na Dutse ne, dabinon ma na Dutse ne. Me ya kawo Sudan a ciki?”

Duk wannan bayani daga kan tabarmata na san shi. Gashin a gabana ake yi, amma awo da kwaɓi a kicin suke, ni kuwa irin mazan nan ne da suka tashi ba sa shiga kicin. Shekara arba'in da ɗoriya ina cin abin nan ban taɓa tambayar da me ake auna shi ba.

Bayan an share makoki mata suka raba kayan kicin, tukwane da kwanuka da tiren nan. Gida ya yi tsit. Wata safiya na ji 'yan gwangwan suna kira a layi, sai na ga gara in rage tarkace. Na tattara fasasshiyar fitila da tsofaffin murafai, na kuma ɗauko wani gwangwani a kan tagar kicin, ya yi tsatsa a baki, gefe ɗaya ya lotsa. Na ma gane shi. Na alewar riɗi ne da na sayo mata tsaraba daga Khartum muna sababbin aure. Har murmushi na yi, na ce ji Hajiya da ajiye-ajiye. Na jefa shi cikin buhun.

Mako biyu bayan haka 'yarmu Uwani ta zo. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa muke kiran ta haka.

“Baba, ina gwangwanin Umma na kan taga?”

“Wane gwangwani?”

“Lotsattsen nan. Da shi take awon mai dabino. Komai da shi take aunawa.”

Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Ki tambayi 'yan'uwanki, ƙila an haɗa da shi a rabo.” Ta tambayi kowa. Har aka ɗan yi sanyin zumunci tsakaninta da Maryam, matar babban wanta, saboda ita ce ta ɗauki tiren. Ina gani, na yi shiru.

Yau Uwani ce a matsayin da uwarta take a da, ko ma fiye. Ma'aikaciyar jinya ce, wani makon aikin safe, wani makon na yamma. Mijinta malami ne a jami'a. Yara huɗu. Ƙarfe bakwai mai adaidaita yana ƙofar gida yana danna oda, ana neman takalmin wannan, ana ɗaure wa waccan ɗankwali, kowane yaro ya fita da biskit na leda da lemon kwali. Abin yana damun ta. Tun shekarar da Hajiya ta rasu take ƙoƙarin dawo da mai dabino. Ta haddace ƙidayar tun tana yarinya: fulawa sau uku zuwa inda ya lotsa, dabino cike biyu, man shanu rabin lotsawar. Amma ƙwai da citta da kanumfari ba da gwangwani ake auna su ba, don haka idan girman gwangwanin ya sauya, komai ya rikice. Ta gwada na madara, ta gwada na tumatir, ta sayi ɗan ma'auni, ta kalli masu koyar da girki a waya har ta gaji. 'Yan'uwanta ba su taimaka ba. Na Kano ya ce na Umma ya fi haka yaji, ta Abuja ta ce ya fi haka zaƙi. Sai Uwani ta yanke cewa ni ne alƙali, tun da na fi kowa daɗewa ina ci. Duk bayan 'yan watanni za ta kawo mini yanka biyu a faranti. In ce citta ta yi yawa. In ce wannan ya bushe. In ce an kusa.

To ga abin da ya hana ni sakat. Tun daminar bara da na yi wani dogon zazzaɓi aka ƙara mini magunguna, harshena ya fara barina. Da shayi na fara lura, ina sha kamar ruwan ɗumi. Sai yaji, sai miya. Ina jin zafi da sanyi, ina jin laushi da tauri, amma ɗanɗanon kansa kamar daga bayan katanga yake mini magana. Ban faɗa wa kowa ba. Na haura saba'in da biyar. Gwangwanin ya tafi ta hannuna, yanzu ga ma'auni na ƙarshe da ya rage yana lalacewa a bakina, yarinyar nan kuma tana kashe hutunta na Lahadi saboda hukuncin da ba na iya yankewa.

Nakan tambayi kaina me Hajiya za ta ce da ta ga Dutsen yau. Ba mai gudun sabon abu ba ce. Da ta ga murhun gas mai tanda a kicin ɗin Uwani da ta yi murna, domin hayaƙin gawayi ne ya ci mata ido. Ma'aunin nan mai lambobi zai ba ta dariya. Cin abinci a cikin adaidaita ma ba zai dame ta ba, ai don masu sauri ta ƙirƙiro nata. Ina jin abin da zai tsaya mata a rai shi ne yaro ya buɗe jakarsa a makaranta ya ciro abin da bai san hannun wa ya yi ba. Ni kuwa na san abin da za ta ce mini, har muryar ina ji: Alhaji, ka iya harshe huɗu, ka kasa faɗa wa 'yarka magana ɗaya.

Lahadi uku da suka wuce, bayan azahar, Uwani ta shigo da tire a rufe. Ta karɓo na uwarta daga wurin Maryam. Ta ce wannan karon ta ajiye gas, ta nemo yashi da gawayi, ta aika Miga an sayo man shanu wurin Fulani.

“Baba, wannan ne na ƙarshe. In bai yi ba na haƙura, su ci biskit ɗinsu. Na gaji wallahi.”

Na ɗauki yanka ɗaya na gutsura. Da ɗuminsa, da laushinsa, har ɓawon dabino na ji a haƙorina. Ɗanɗano babu. Tana durƙushe tana kallon bakina. Da na ce ya yi, da ta tashi da murna, amma na liƙa sunan uwarta a kan abin da ban tabbatar ba, kuma shi za a riƙa yi har jikoki. Da na ce bai yi ba, shi ke nan an rufe maganar har abada. Na ajiye ragowar a faranti, na faɗa mata duka biyun, harshen da gwangwanin.

Ta gyara zama, ta ce:

“Shekara bakwai, Baba. Har Anti Maryam na zarga.”

“Na sani, Uwani. Ni zan kira ta.”

“Shi kuma ɗanɗanon, tun yaushe?”

“Tun daminar bara.”

“Wannan ya fi ɓata mini rai. Kana da ma'aikaciyar jinya a gida kana ɓoye ciwo kamar ɗan ƙauye. Gobe za mu je a duba magungunan nan.” Ta share ido da bakin mayafinta. Can ta ɗago. “To yaya girmansa yake? Ai kai ka sayo shi.”

Ban taɓa tunanin wannan ba. Na ɗaga hannuwa, sai na ga sun buɗe da kansu. A cinyata na riƙo gwangwanin nan tun daga Khartum don kada ya fashe a cikin kaya, kuma ni ne na riƙe shi na ƙarshe. Ta sa na bi ta gidanta. Ta kwaso duk gwangwanin da ke kicin, ta aro na maƙwabta, ta ce in rufe ido. Tana miƙo mini ɗaya-ɗaya ina cewa ya yi ƙanƙanta, ya yi tsawo, ya yi faɗi. Wani na garin madara ya zauna a tafina kusan daidai. Ta ce in nuna mata inda wancan ya lotsa. Na sa babban yatsana. Ta ɗauko 'yar taɓaryar daka yaji ta buga masa ɗaya a wurin.

Da shi ta yi awo Lahadin da ta biyo baya. Yara suka cinye tiren ranar Laraba. Mijinta ya ce alamar nasara ce. Ni dai na Hajiya Juma'a yake kaiwa, don haka ban sani ba ko wannan ya fi zaƙi ne, ko yankan ya fi girma, ko yaran yanzu ne ba sa jin ƙoshi. Likita ya sauya mini magani ɗaya, ya ce ɗanɗanon zai iya dawowa, zai iya ƙin dawowa. Idan ya dawo na ci na ji ba shi ba ne, ban san abin da zan ce mata ba. Wannan ma yana cikin abin da nake juyawa a raina.

Idan na auna abin da ya rage na Hajiya, ba zan iya rantsuwa cewa ɗanɗanon hannunta yana ciki ba. Abin da na gani da idona shi ne yara huɗu suna hawa adaidaita ranar Litinin, kowanne da yanka a naɗe cikin takarda, kuma idan aka tambaye su wa ya yi, suna da amsa. Na kira Maryam na nemi gafararta, ta ce in bari ta fara hucewa. Tana da gaskiya.

Sabon gwangwanin yana kan tagar kicin ɗin Uwani. Ba shi da kyan gani, nan da shekara kaɗan zai yi tsatsa, kuma 'yan gwangwan suna bin layinsu kamar yadda suke bin nawa. Na ja surukina gefe na nuna masa shi da yatsa. Duk da haka ban natsu ba. Yanzu duk ranar da na je gidan, kafin in zauna a kawo mini ruwa, sai na wuce kicin da kaina na ga yana nan.

Allah ya haskaka kabarinki, Hajiya, ya yafe mana abin da muka zubar ba mu sani ba.