Libarba a Aljihun Surukina

A shekaru goma sha bakwai da na yi a wannan shagon bindigogi na Paris, akwai ranar da ko na so in manta da ita ba ta barina, wato Talatar da surukina ya taso daga Lyon sayen libarba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku buɗe kunne, don abin da na yi kowane ɗayanku yana iya yin sa.

Bari in fara da tsarin, saboda wanda bai sani ba. A ƙasar nan libarba, ƙaramar bindigar nan mai gidan harsashi shida da ke jujjuyawa, ba ta farauta ba ce, ba a kuma yawo da ita a jiki. Mai son ta sai ya shiga kulob ɗin harbi ya daɗe yana zuwa, ya kawo takardar likita, ya kafa akwatin ƙarfe a gida, sannan ya haɗa takardun ya kai dosiyen biron ferefe, inda ake ba da izini, ya zauna jira. Ranar da ya saya, lambar da ke jikin bindigar ana rubuta ta da sunansa a wurin hukuma. In zai kai ta filin harbi, sai ya cire harsashi, ya sa kwaɗo a kunamarta, ya rufe ta cikin jaka, takardu kuma suna hannunsa.

Ni shekara tara na yi a ɗakin baya ina gogewa da shafa mai kafin Madam Odil, mai shagon, ta yarda ta tsayar da ni a kantar shagon ina magana da masu saye. Ban samu wurin nan da wasa ba, kuma duk unguwarmu ta Stains an san Sani ɗan Damagaram shi ke tsaye a kanta. Ina jin daɗin haka, ba zan ɓoye muku ba.

Surukin nawa Alhaji Lawali ne, wan mahaifin matata Rabi, shi ya ba ni aurenta. Yana da shagon nama a Lyon, ya kuma taɓa soja a Nijar yana saurayi, shi ya sa da tsufa ya zo sai sha'awar harbi ta dawo masa. Takardunsa cif, babu abin da ya rage. Akwai shagunan bindiga a Lyon, amma ya ce me zai kai shi wurin bare ga nasa a Paris.

Ƙarfe goma na safe ya iso. Muka gaisa, ya tambayi Rabi, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi maƙwabcin da bai taɓa gani ba. Na shimfiɗa ƙyalle a kanta na ɗora masa biyu. Kamfani ɗaya ya ƙera su, harsashi ɗaya suke ci. Ɗaya baƙa ce, mai gajeren baki da mariƙin katako. Ɗayar fara, bakinta ya fi tsawo da kamar ɗan yatsa, mariƙinta na roba.

Na ce, "Baba, doguwar ta fi zama a hannu in ana auna takardar da ake harbi a kulob daga nesa, sai dai tana da nauyi. Gajerar ba nauyi, amma tana ɗan zabura in ta tashi. Iyakar bambancin ke nan."

Ya ɗaga wannan, ya ajiye. Ya ɗaga waccan, ya kanne ido, ya ajiye. Ya ce katakon ya fi mutunci, robar kamar kayan wasan yara. Ya ce amma farar ta fi kwarjini. Ya kira ƙanensa a Maradi ta bidiyo, mutumin da sana'arsa sayar da albasa, ya nuna masa su yana neman shawara. Ƙanen ya ce a ɗauki farar. Ya kira wani tsohon abokinsa na soja, shi kuma ya ce baƙar. Ya tafi sallar azahar a kan doguwar, ya dawo a kan gajerar. Wallahi na sayar wa mutane da bindigar da ta ninka waɗannan daraja cikin minti ashirin. Mutane na shigowa suna jira suna fita, Madam Odil na leƙowa daga bironta, wato ofishinta, tana dubana ta saman tabarau, ni kuwa ina tsaye ina murmushi kamar an ɗinka mini shi.

Sai wajen ƙarfe biyar ya buga kanta ya ce gajerar. Na yi hamdala a zuci, na fara shigar da lambarta da sunansa. Ina cikin bugawa ya ce, "Rubuta kawai. In na je na gwada ba ta yi mini ba, sai in dawo da ita ka canza mini da doguwar, ko ba haka ba?"

Na san amsar sarai. Bindiga ba turmin atamfa ba ce da za a kai gida a duba a dawo da shi kasuwa. Amma ku faɗa mini, da wane baki zan dubi mutumin da ya ba ni mata in ce masa a'a? Tun da na yi aure ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ga gajiya, ga yunwa. Na ce a raina wa zai sake hawo jirgi daga Lyon saboda tsawon ɗan yatsa. Na sunkuyar da kai na ce, "To, Baba." Na sa mata kwaɗo, na rufe ta a jaka, na raka shi bakin ƙofa.

Bayan kwana tara, ranar Alhamis, sai ga Alhaji cikin babbar riga, hannu rabbana, babu jaka. Akwai mutum uku a shagon, Madam ma tana kanta. Bayan gaisuwa ya zura hannu a aljihun riga, ya zaro wani abu naɗe cikin hankici, ya ajiye a gabana ya warware. Libarbar ce tsirara, babu kwaɗo.

Na fizge ta na buɗe, Allah ya taimaka babu harsashi. Na ce ƙasa-ƙasa, "Baba, ina jakar? Ina takardun?"

Ya ce, "Jakar nan tana jawo ido, kowa ya ganta ya san abin da ke ciki. Takardu kuwa na bar su a gida kada su ɓace. Ɗauko mini doguwar, wannan zaburarta ta yi yawa."

Ku duba fa. Dattijo ya hau jirgin ƙasa daga Lyon, ya sauka a tashar da sojoji ke sintiri, ya shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, duk da libarba a aljihu kamar goro. Da wani ya tare shi, da a kumisariyar 'yan sanda za mu je mu same shi.

Madam Odil ta matso ta tambaye shi da Faransanci abin da ke faruwa. Shi kuwa Faransancinsa ya fi nawa. Ya bayyana mata cikin natsuwa cewa canji ya zo yi, surukinsa ya ce in ba ta yi ba a dawo da ita. Ta juyo ta ce, "Sani, kai ka faɗa masa haka?"

In ce a'a, na ƙaryata surukina a gaban mutane. Kuma ma ba ƙarya ya yi ba. Na ce, "Ni na faɗa."

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ba ta yi. Ta gaya wa Alhaji cewa ba a canji hannu da hannu, doguwar ma an riga an rubuta ta da sunan wani, kuma ba za ta bar shi ya fita da tasa a haka ba. Ta kulle ta a akwatin shago, ta ce za a aika da ita wani shagon bindiga a Lyon, ya je da takardunsa da jakarsa ya karɓa. Alhaji ya ninke hankicinsa ya mayar aljihu ya fita, ko sallama bai yi mini ba. Ni kuma ta kira ni biro ta ce, "Izinin shagon nan da sunana yake. Mutumin da ke kanta aikinsa ya faɗi doka, ko ga ubansa. Zan yi tunani zuwa Litinin."

A gida Rabi ta ce ba abin da za ta ji sai na je na ba Baba haƙuri. Asabar na hau jirgi zuwa Lyon. Na same shi a shagon nama yana datsa haƙarƙari, na durƙusa a gefe, ya bar ni nan har ya sallami mata biyu. Sannan ya goge hannu ya ce, "Malam Sani, da ka ce mini ba a yi tun ranar farko, da na ji haushi zuwa tasha, shi ke nan. Ka ji kunyata, sai ka bar ni na je na sha kunya a gaban baƙi da furfurata. Wannan ba ladabi ba ne." Gaskiya ya faɗa, kuma hakan ya fi ƙona mini rai. Ya ƙulle mini nama ya ce a kai wa yara.

Litinin Madam ta miƙo mini takardar gargaɗi. Ba ta kore ni ba, amma ta ce kanta ta fi ƙarfina, in koma ɗakin baya. Shekara takwas na tsayuwa a gaba suka tafi a kan kalma biyu.

Bayan wata biyu Alhaji ya kira ni yana dariya, wai ashe gajerar ce daidai hannunsa, ya saba da zaburar, yanzu duk kulob ba mai auna takarda kamarsa. Ya ce Allah ya yi mini albarka da ban canza masa ba. Ya ce, "Ya aikin? Kana nan a kantarka?" Ina zaune a baya, hannuna duk mai, na ce, "Lafiya lau, Baba."

To abin da nake so ku riƙe shi ne, namu za su zo muku, da dattawa da surukai da limamai, kuma kowannensu zai tambaye ku abin da doka ba ta yarda ba, da murya mai daɗi. Ku tashi ku gaishe su, ku ba su kujera, ku sunkuyar da kai in kuna so. Amma a'ar nan ku faɗe ta tun suna tsaye a gabanku, kafin su kai bakin ƙofa. Ni na san dokar fiye da kowa a shagon nan, faɗinta ne ya gagare ni, shi ya sa yau ku ke kanta ni nake miƙo muku kaya daga baya.