Ciwon Rabi

Rabi mai ƙuli ba ta da yawan magana, amma ba ta mantuwa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu a nan Matamaye, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi.

Mijinta na fari, Cha'ibu, ɗan cin rani ne a Legas. Wata shekara ko damina bai dawo ba. Yana can al'adar Rabi ta ɗauke, nono ya soma zubo mata, alhali ba ciki ba goyo. Da uwar mijinta, Hajiya Kande, mai tausayi ce, da cewa za ta yi tsohon ciki ne ya kwanta, yadda tsofaffi ke rufa wa nasu asiri. Amma a gidan suna, tsakar gida cike da mata, ta yaye mayafin Rabi ta nuna jiƙaƙƙiyar rigarta.

"Ku gane wa idonku," in ji ta. "Shege ta zubar, ga shaida."

Kafin la'asar Cha'ibu ya aiko da saki ta waya. Unguwa ta ƙaurace wa ƙulinta, sai kasuwar Dungu take kaiwa, inda ba a san ta ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ana nan sai ga wata Dakta Rashida daga jami'a a Damagaram. Bincikenta a kan sinadaran da jiki ke saki cikin jini ne, waɗanda ta ce su ne 'yan aiken da ke gaya wa nono ya kawo, su gaya wa al'ada ta zo ko ta tsaya. Tana neman mata masu irin wannan larura ta ɗebi jininsu. Kowa ta noƙe, don fitowa tonon asiri ne. Rabi ta ce ita me ya rage a tona mata, ta miƙa hannu. Ashe wani ɗan ƙullutu ne a ƙasan ƙwaƙwalwa ke sakin sinadarin nono fiye da kima. Ta sha ƙwayoyi, nono ya ƙafe, al'ada ta dawo. Mata suka biyo sahunta, har aka raɗa wa abin suna ciwon Rabi, ita ce kuma ke kai su duk ranar da Dakta ta zo. Rabi ta auri Isma'ila mai rake, ta haihu. Hajiya Kande kuwa ko gezau, cewa take haɗa baki aka yi da likita.

An ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Bara sai ga Sakina, autar Hajiya, rigarta ta jiƙe, mijinta yana Fatakwal tun kaka, danginsa kuma sun fara ƙus-ƙus. Ina zaune a gidan Rabi Hajiya ta yi sallama.

"Rabi, ƙanwarki ce ba lafiya. Ciwon nan naki ne ya kama ta. Ki kai ta wajen Dakta kafin mijin ya ji."

Rabi ba ta ɗago daga matsar mai ba. "Wane ciwo, Inna? Ni ai shege na zubar."

"Haba 'yar nan, abin da ya wuce..."

"Bai wuce ba. In shege na zubar, to Sakina ma shi ta zubar. In ciwo gare ta, ni ma ciwo ne. Gobe akwai suna a gidan da kika tona ni. Ki zaɓi ɗaya ki faɗa a can."

Wallahi daɗi ya kama ni, ban ma ɓoye ba.

Washegari tsohuwar ta miƙe a gaban mata, ta ce ƙazafi ta yi wa Rabi, ta nemi gafara. Rabi ta bar ta a tsaye har tuwo ya huce, sannan ta ce, "Na ji."

Abin da Hajiya ba ta sani ba, Sakina ta riga ta zo da kukanta tun mako guda kafin nan, Rabi ta kai ta an ɗebi jininta, har ta fara shan magani. Na tambayi Rabi yaushe za ta gaya wa tsohuwar. Ta ce yarinyar ba ta yi mata komai ba, amma uwar a bar ta tukuna, ta ɗanɗana rashin barci.