Motar da Aka Karɓo da Sunan Baba

Shekara shida ina tuƙi a wani gidan Larabawa a unguwar Badi'a, amma ainihin aikina ɗaukar Baba ne. Mahaifin kafilina ne, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki, shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi a keke. Duk Juma'a sai in rungumo shi in cusa a mota, in naɗe keken in sa a but. Ya tsani wannan ɗaukar. Rufe ido yake yi har mu bar layin, don kada ya haɗa ido da maƙwabta.

Da kafilin ya ce gwamnati na tallafa wa masu buƙata ta musamman su sami mota mai inji a baya, wanda ke ɗaga mutum da kekensa, na fi kowa rawar kai. Ni na yi ta jigilar takardun asibiti. Ni na auna faɗin keken da igiyar cajar wayata. Ni na kai Baba aka duba shi, ya dangwala yatsa. A hanyar dawowa na ce masa, "Baba, khalas, shi ke nan, ba mai sake ɗaukar ka."

Mota ta zo, fara fat. Ranar farko sai da ya sa na sauke shi na sake ɗaga shi, yana ta dariya da rabin baki. Juma'a uku muka je masallaci da ita, idonsa a buɗe, har sallama yake yi wa mutane.

Kafin ta huɗu kafilin ya karɓi makulli, wai za a kai ta gyara. Gyaran me, motar da ko ledar kujerunta ba a cire ba?

Da aka aike ni unguwar Naseem, sai ga ta a ƙofar kantin kafilin, injin nan na sauke katan-katan na ruwa. Ashe da bakina aka yaudari tsoho! Na yi wa kafilin magana, ya ce, "Kai direba ne ko lauya? Wa ke sabunta maka iƙama, takardar zamanka a ƙasar nan?" Na juya na koma bakin aikina, kuma har yau haushin kaina nake ji.

Ran Juma'a na tarar da Baba a ƙofar gida, ya sha farar riga da turare.

"Ya waladi, ɗana, an gama gyaran?"

"Tukuna, Baba."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya saƙalo wuyana, ya rufe ido. Har muka isa masallaci bai buɗe ba.