Motar Surukin Ɗalhatu Bakanike

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi na bakin titin Bunkure ya san Ɗalhatu bakanike ba ya ƙaunar Toyota. Ba ya ɓoyewa. Da Hilux ta gifta maƙare da kwandunan tumatir, sai ya taɓe baki ya ce, "Ga gwangwanin madara nan ya wuce." Shekara da shekaru yana faɗin haka, har masu shan shayi suka haddace, suna riga shi faɗa.

A Kura aka haife shi, a gidan masaƙa. Mahaifinsa ya so ya gaje shi, amma lokacin da ruwan madatsar Tiga ya iso ta kanal aka shiga noman rani, saƙa ta riga ta fara ja da baya, shi kuma hankalinsa na kan motocin da ke zuwa ɗaukar kaya. Ya tafi Kano ya koyi gyara a kan irin akori-kuran Turai da suka cika hanya a wancan zamani, ya dawo ya kafa gareji a gindin wata dalbejiya kusa da mai shayin.

A shekarun nan Ɗalhatu ya ga gata. Tumatir ba ya jira. Idan mota ta tsaya da shi a rana, kafin la'asar ya fara tsiyaya, washegari sai dai a zubar. An sha ɗago shi daga wurin ɗaurin aure da babbar rigarsa, a goya shi a babur har bakin gona. Sai ya naɗe riga a kafaɗa, ya kara kunne, ya ce a miƙo sifana. Motar ta tashi, manoma su bi shi da addu'a har ya ɓace. Bai taɓa ƙin zuwa ba, bai kuma taɓa tsawwala wa wanda kayansa ke ruɓewa ba, ko da yake a irin wannan hali duk abin da ya yanka za a ba shi.

Wanda ya fara kawo Hilux garin shi ne Badamasi, ɗan kawunsa, wato taubashinsa, mutumin da ke da ikon tsokanarsa har kabari. Ta hannu ce, ta riga ta sha wuya kafin ta zo. Ɗalhatu ya zagaya ta ya ce ba za ta ga damina biyu ba. Ta ga biyun, ta wuce. Yaran da aka haifa wa Badamasi bayan sayenta da ita suka koyi tuƙi. Ƙofarta ɗaya da waya ake ɗaure ta, fentinta ya koma kalar ƙasar Kadawa, amma da asuba ana murɗa makulli take amsawa, kuma lakar bakin kanal da ke riƙe sauran motoci ita sai dai ta yi gurnani ta fice. Masu tumatir suka gani. Ɗaya bayan ɗaya suka koma Toyota, gindin dalbejiya ya fara yin shiru.

Wata rana Badamasi ya zo da labarin da ya ji a rediyo, cewa masu kamfanin Toyota da ƙera injin saƙa suka fara a can Japan, daga baya suka koma ƙera mota.

"Ka ji ko?" in ji Ɗalhatu. "Ashe masaƙa ne. Shi ya sa."

"Shi ya sa me? Kai ɗan wane ne? Su da suka bar saƙa sun ƙera abin da ba ya kwanciya. Kai da ka bari, ga ka nan kullum a ƙarƙashin motar mutane."

"Ni ai sana'a na koya. Kai fa? Jaki aka ba ka kana kora, ko inda ake zuba ruwa ba ka sani ba."

"Jakin da ba ya ciwo ba. Alhamdu lillahi. Mai shayi, ƙara wa ɗan masaƙa madara, ransa ya ɓaci."

Mutane sun ɗauka maganar abinci ce, Toyota ta rage masa ciniki shi ya sa yake jin haushinta. Wannan bai kai rabin gaskiya ba. Ɗalhatu yana da gonar shinkafa da ke ci da gidansa. Abin da ya rasa shi ne a zo a guje ana neman sa. Kuma duk wanda ya lura zai ga idan Badamasi ya kawo Hilux juyen baƙin mai, aikin da ba ya ɗaukar komai, Ɗalhatu yakan daɗe a kwance ƙarƙashinta yana shafa ƙarafa da yatsa. Da ya fito sai ya karkaɗe jiki ya ce, "Gwangwani."

Binta ce 'yarsa ta fari. Bai taɓa kiran sunanta ba. A gidan gwaggonta ta tashi, kamar yadda aka saba da ɗan fari, kuma ko ta zo gaishe shi sai ya amsa yana kallon wani wuri, a gajarce, kamar mai sauri. Da aka aurar da ita ga Hashimu, manomin tumatir a wajen Kadawa, sai kunyar ta zama biyu. Hashimu yakan durƙusa daga nesa ya ce, "Baba, barka da aiki," shi kuma ya ce, "Ya mutanen gidan?" Shi ke nan. Labarin jikokinsa a bakin mata yake tsintarsa, in an ga dama an faɗa.

Bara waccan tumatir ya yi kyau, Hashimu ya yanke shawarar sayen motar kansa, ya huta da jiran masu haya. Bai tambayi surukinsa ba, don ba zai iya ba. Ba ya ma bukatar tambaya, garin duka ya san ra'ayin Ɗalhatu. A ce surukin mai zagin Toyota ya zo da Toyota ya ajiye a ƙofar gida, ai rashin kunya ke nan. Sai ya sa Bilya dillali ya nemo masa tsohuwar akori-kura irin wadda Baba yake yabo, ya kuma roƙa a fara kai ta gareji a duba.

Da maganar ta iso kunnen Ɗalhatu, daɗi ya fara ji. Ya san irin motar kamar tafin hannunsa. Ya san a lokacin kwasar tumatir ba za ta yi mako ba ta zo wurinsa ba. Hashimu zai riƙa zuwa, ya zauna a benci yana jira, dole a yi magana. Wata rana zai zo da yaran. Wata rana ma a goya shi a babur zuwa gonar, ya wuce ta ƙofar gidan 'yarsa, a aiko masa da ruwa. Ya yini da wannan tunani yana murmushi shi kaɗai. Sai da yamma, yana wanke hannu da kananzir, ya tuna yadda fuskar manomi take idan yana tsaye a kan kwandunan da suka fara tsiyaya. Ya ga irinta ba adadi. Wannan karon mijin Binta ne zai tsaya haka, kuma abincin gidan na shekara ne a cikin kwandunan.

Ranar kasuwar Bunkure bayan la'asar Bilya ya kawo motar. An wanke ta, an shafe tayoyinta. Teburin mai shayi a cike yake, Badamasi na zaune, tsohuwar motarsa na ajiye a gefen titi. Hashimu ya gaisar ya koma can bayan mota ya tsaya.

Ɗalhatu ya sa aka tayar da ita. Ya kara kunne, ya shiga ƙarƙashi, ya fito, ya taka kuloci, ya duba lagireto. So yake ya samu wani aibi da zai fake da shi. Bai samu ba. Mai ita ya kula da ita.

"Yaya, Malam Ɗalhatu?" in ji Bilya. "Na ce masa ko ba a kawo ba ma ka san kayanka. Sa mana albarka kawai."

"Lafiyarta ƙalau."

"Madalla! Ka ji ko, Hashimu?"

"Ban gama ba." Ɗalhatu ya goge hannu a tsumma, ya daɗe yana gogewa. Bai kalli inda surukinsa yake ba. "Badamasi, buɗe mini bonet ɗin jakarka."

"Tawa? Me ta yi maka kuma? Yau ba ranar juye ba ce."

"Ka buɗe, na ce."

Badamasi ya tashi yana dariya ya buɗe. Masu shayi suka taso da kofunansu, suna jiran sabon zagi. Ɗalhatu ya dafa injin.

"Tunda ka saye ta, sau nawa aka sauke wannan?"

"Ba a taɓa ba."

"Giya fa?"

"Kai ma ka sani."

"Na sani. So nake su ji." Ya nuna da yatsa. "Ku duba nan. Duk abin da zai iya cinyewa sun sa shi inda hannu ke kaiwa. Ku leƙa ƙasa ku ga kaurin ƙarfen da take zaune a kai, ku ga sifirin. Wanda ya ƙera wannan ya san akwai inda babu kwalta, ya san za a yi mata lodin da ya fi ƙarfinta, ya kuma san hannun mahaukaci irin wannan za ta faɗa." Ya juya ya nuna akori-kuran. "Waccan mota ce mai daɗin gyara. A kanta na koya, ina son ta har gobe. Amma ta tsufa, kayanta sun yi wuya, kuma tana son a lallaɓa ta. Mai tumatir ba shi da lokacin lallaɓa. Wanda ke da iyali a wuyansa, irin wannan gwangwanin zai nema."

Bilya ne ya fara magana.

"Haba Malam! Ka kashe mini ciniki a gaban jama'a?"

"Ka kawo masa Hilux, la'adarka ba za ta ragu ba. Amma ka fara biyo da ita nan, don cikin na hannu akwai waɗanda aka kashe da gangan aka shafa musu fenti."

Badamasi ya ɗaga hannu sama. "Jama'a ku shaida! Mai shayi, ka ji da kunnenka? A nemo mai rediyo! Ɗan masaƙa ya gane 'yan'uwansa!"

"Rufe mini baki. Ni ban ce kana da hankali ba, motar na ce."

Dariya ta ɓarke. Ɗalhatu ya koma gindin dalbejiya ya hau tattara sifanu, kansa a ƙasa. Hashimu ya matso ya durƙusa. "Baba, na gode."

"A gaida mutanen gidan."

Hilux ɗin da aka samo ja ce, Ɗalhatu ya duba ta ya ce a biya. Ta yi rani guda tana jigila tsakanin Kadawa da kasuwa, safe da yamma. Takan wuce ta gaban garejin, Hashimu ya rage gudu, ya ɗaga hannu biyu, ya wuce. Ɗalhatu yakan bi ƙarar injin da kunne har ta ɓace. Babu abin da ya same ta. Ya san ba abin da zai same ta.

Bayan an gama kwasa, wata Juma'a da hantsi, sai ga ta ta kwana ta shigo gindin dalbejiya. Yara uku a gaba, an yi musu wanka an sa musu kayan salla. Hashimu ya sauko yana sosa ƙeya.

"Baba, wata ƙara nake ji."

"A ina?"

"Ta... ta ƙasa. Ita ma mai ɗakin ta ce ta ji, ta ce lallai a kawo maka."

Ɗalhatu ya sa aka tayar da ita. Injin na tafiya sumul. Ya tsaya yana sauraro fiye da yadda ya kamata, yana kallon ƙaramar yarinyar da ta leƙo ta taga, mai goshi irin na uwarta. Sannan ya ɗauki sifana ya shiga ƙarƙashi, ya kama wani noti da ke ɗaure tamau ya ƙara ɗaure shi.

"Na rage ta," ya ce daga can ƙasa. "Amma irin wannan ƙarar takan dawo. Ka sake kawo ta mako mai zuwa. Sauke yaran nan su zauna a benci, mai shayi ya ba su burodi, aikin da saura."