Laftof a Cikin Rumbu

Shekarar da aka datse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, ita ce shekarata ta biyu a ajin yaƙi da jahilci. Na haura arba'in a lokacin, ina da iyali da gona a wani ƙauye gaba da Furfuri, amma ban daɗe da fara rubuta sunana da kaina ba.

Ajinmu a Bungudu yake, a shagon malaminmu. Mutumin Tsafe ne, sana'ar buga takardu ta kawo shi. Yana da kwamfuta ta girke, mai akwati a ƙarƙashin tebur da allo mai ƙatuwar ƙeya kamar tsohuwar talabijin. Idan ya gama da masu takardu sai ya buga harafi ɗaya, ya ƙara masa girma har ya cika allon, mu kuma mu faɗa. Idanunmu na manya ne, girman nan ya taimake mu. Ni ba ni da saurin ɗauka. Abin da wani zai kama a zama ɗaya, ni sai na tafi da shi gona ina noma ina maimaitawa. Ban taɓa jin haushin haka ba.

Da mai ya yi wuya, hanya kuma ta ƙara lalacewa, mutanen ƙauyenmu suka fara janyewa. Ba wanda ke son barin iyalinsa ya tafi koyon baƙaƙe alhali babu waya da zai ji halin gida. Malam ya ce tunda ba za mu iya zuwa ba, shi zai zo mana. Sai dai kwamfutarsa ba ta tafiya. Ya roƙe ni in raka shi Gusau in kama masa ita, ya yi musanye da ƙarama.

Mai shagon da muka je ya gan mu mun shigo, ni da akwati a ka, Malam rungume da allo, sai ya fashe da dariya.

"Malam, lafiya? Wace gawa ce kuka ɗauko min da hantsi?"

"Gawa? Wannan ta fi ka lafiya, Alhaji," in ji Malam.

"To leƙa baya ka gaishe da 'yan'uwanta."

Na leƙa. An jibge irinta har kusa da rufi, gizo-gizo ya yi saƙa a kansu. Alhajin ya ce yakan daɗe bai sayar da ta girke ko ɗaya ba, amma ta cinya, wadda suke kira laftof, ba ta kwana a shagonsa. Ɗalibai ita suke so, ma'aikata ita, har masu kemis. Ya miƙo min ɗaya ya ce in ɗaga. Ba ta kai nauyin tiyar gero ba.

"Ka ji ko, Baba? A wanga zamani wa ke son kayan da ba ya iya gudu da su?"

Muka yi dariya, amma ba mu daɗe muna yi ba. Malam ya yi ciko, muka fito da ita a baƙar jaka.

Makonnin farko sun yi daɗi. Malam yakan iso bayan azahar, mu shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiyar da ke bayan masallaci, ya ɗora ta a cinya ya buɗe. Babu janareta, babu igiya. Farantin sola na mai shayi ya ishe ta caji. Mutanen da ba su taɓa taka shagon Bungudu ba suka fara zama, mata kuma suna bin karatun ta bayan danga. Cikinmu akwai wani makiyayi, sa'ana, wanda 'yan bindiga suka kwashe wa shanu tun bara, ya koma noma kusa da mu. Kullum muna tsokanar juna.

"Kai Bafillace, harafi ne wannan, ba ƙahon saniya ba."

"Yi shiru, Kaɗo. Shekara biyu kana kiwon harafi ɗaya, har yau bai haihu ba."

Wata rana wani tsoho da ke zama a gefe ya nuna saman allon da sandarsa ya ce, "Malam, wannan 'yar ƙwayar idon, wa take kallo?" Malam ya ce kyamara ce, ba ta aiki sai an kunna ta. Tsohon ya gyaɗa kai. Zama na gaba muka ga Malam ya liƙe wurin da 'yar takarda.

Amma magana ta riga ta fita. Aka fara cewa akwai wani mai zuwa ƙauyenmu da na'ura, tana ɗaukar hoton daji tana kiran jirgin soja. A lokacin da wayar kowa ta mutu, duk wanda aka gani da abu mai haske a hannu sai a ɗauka da wani yake magana. Kalmar infoma kuwa, wato mai kai rahoto a ɓoye, ta fi kowace kalma saurin kashe mutum a shekarar nan. Malam ya je Tsafe gaida iyayensa, ya dawo a sanyaye. Ya ce 'yan bindiga sun tare wata mota a hanya sun sa kowa ya buɗe kayansa, aka sauke wani mai jaka irin tasa, kuma har ya baro garin ba a ji labarinsa ba.

Mai unguwa ya ce daga yau Malam ya riƙa zuwa hannu rabbana, na'urar ta zauna a ƙauyenmu. Da aka tambayi inda za a ajiye ta, ba a yi gardama ba. Tun kakanninmu, abin da mutum ya fi ji da shi a rumbu yake kwana, a tsakiyar damman gero. Ɓarawo yakan yaye na sama ya gudu, ba ya tsayawa tono. Rumbuna ya fi kusa da tsamiya. Na naɗe jakar a buhu, na tura ta can ƙasa cikin sabon gero. Ranar aji in kafa tsani in ciro ta tana ƙanshin hatsi, a gama in mayar.

Haka muka yi har dawa ta nuna. Wata safiya ina gona sai ga abokina makiyayi. Bai tsokane ni ba, bai ma gama gaisuwa ba.

"Gobe ranar aji ce ko?"

"Ita ce."

"'Yan bindiga za su zo. Wani ɗan'uwanmu da ke kiwo can cikin daji ya ji da kunnensa. Mai na'ura suke so, shi da na'urar."

Muka tafi wurin mai unguwa tare. Wani ya ce a fito da ita a ba su, a huta. Abokina ya ce in suka gan ta za su tambayi mai ita, sannan su tambayi wanda ya ɓoye ta. Kowa ya kalle ni. Mai unguwa ya ce a bar ta inda take, ba wanda ya taɓa ganin wata na'ura a garin nan. Gobe tun da safe mata da yara su shiga gonaki. Saura kuma a tsayar da Malam, don in ba a gaya masa ba, bayan azahar zai iso kamar kullum.

Na ɗauki keke, don babur yana da ƙara, ga shi babu mai. Hanyar nan na san ta tun ina yaro, amma ran nan ta zame min baƙuwa. Dawa ta sunkuya a gonaki babu mai yanka. Ban haɗu da kowa ba sai wani jaki da ke tafe shi kaɗai da igiya a wuya.

Na sami Malam a shago yana gyara alli da zai kawo mana. Na gaya masa. Ya ce zai zo duk da haka, ya buɗe musu ita su gani da idonsu cewa baƙaƙe ne kawai a ciki.

Na ce, "Malam, ni da na shekara biyu a gabanka, wani abin in ka buɗe har yau ban san mene ne ba. Su me za su gani?"

Ya zauna. Ya ce, "To ku fa?"

"Mu garinmu ne. Kai dai ka ce min ba za ka zo ba."

Sai da na maimaita masa har ya gaji, sannan ya ce ba zai zo ba. Ban yarda da bakinsa ba, na kwana a shagon, na zauna tare da shi har lokacin aji ya wuce, sannan na kama hanya.

Ina wuce Furfuri na hango hayaƙi. Sun zo daidai lokacin karatu, suka tarar da gindin tsamiya babu kowa. Suka tambayi tsofaffin da suka ƙi gudu, kowa ya ce bai sani ba. Ba su bincika ɗaki ko ɗaya ba. Suka bi rumbunan garin ɗaya bayan ɗaya suna cinna wa jinka wuta. Duk shawarar da muka yi, babu wanda ya kawo wannan a ransa. Ɓarayin da kakanninmu suka sani hatsi suke ɗiba, ba sa ƙona shi.

Geron ya kwana biyu yana ci a hankali. Da ya huce na tona tokar da fartanya, na sami wani baƙin dunƙule da ya narke ya haɗe da buhu.

Malam yana nan da ransa, ya koma Tsafe kafin ƙarshen kaka. Ba mu rasa rai ko ɗaya ba. Mun rasa rumbu goma sha ɗaya da abincin shekara a ciki, shanun huɗa huɗu, babur biyu, laftof ɗaya, da ajin mutum goma sha bakwai da bai sake zama ba.