Tayar da Ba Ta Son Yashi

Ɗan fari ba na uwa ba ne, haka muka taso muka tarar. Ranar da aka yaye nawa, yayata da muke ciki ɗaya ta zo ta tafi da shi Dutse, don Allah bai ba ta haihuwa ba. Ni na kama mata bakin zani ta ɗaure goyon. Ban yi kuka ba, ai abin kunya ne. Har yau ɗin nan bakina bai taɓa kiran sunansa ba. Ita yake ce wa Umma, ni kuwa Inna.

Ana nan, ana nan, aka ba mu jiha, Dutse ta cika da baƙi da kwalta. Yaron nan ya sami aikin gwamnati, ya yi aure, ya zauna a unguwar Takur, ya sayi wani babban babur na hannu, irin na masu tafiya mai nisa. Ran da ya fara zuwa da shi ƙauyenmu kowa ya fito kallo. Ni ban iya ɗaga ido na dube shi ba, sai na dubi ƙasa, a ƙasan kuwa taya ce. Shi ya sa na san tayar nan fiye da yadda na san fuskarsa. Baƙa ce wuluk, faffaɗa, ba ta da haƙora irin na baburan ƙauye, sai wani siririn zane a karkace kamar tsagar kumatu.

Ya durƙusa ya gaishe mu, gumi ya jiƙa masa riga. Na ji yana ce wa mahaifinsa, "Baba, tayar kwalta ce. A titi kamar ta san hanya, amma da ta shiga yashi sai ta riƙa iyo."

Tsakaninmu da titi kuwa jigawa ce, yashi mai haɗiye ƙafa. To, zuwansa ya koma daga sallah sai sallah. Yaya ita a unguwar Yalwawa take, kwalta har bakin layinsu. Kullum sai ya biya ya gaishe ta kafin ya wuce aiki.

Da aka kawo shari'a, malamai suka yi ta wa'azi a kan mace ta hau bayan ɗan acaɓa. Mata da yawa suka koma tafiyar ƙasa ko jiran mota, wadda take da ɗa mai babur kuwa ta zama sarauniya. Yaya asibiti a bayansa, ta'aziyya a bayansa, biki har Ringim a bayansa. In ta zo ƙauye, tun kafin ta sha ruwa take fara ba ni labari.

"Ke dai ba ki san daɗin duniya ba. Rannan ruwa ya kama mu a hanya, titi ya jiƙe sharkaf, na ce yau kam sai ƙasa. Ko gezau. In ya sha kwana sai ta kwanta da mu ta tashi da mu. Wani bunsuru ya faɗo mana, ɗana ya taka birki, ta tsaya cak, ni kuwa na rungume shi ƙam."

"Allah ya ƙara tsarewa," na ce.

"Ya ce ma tayar ta fi son nauyina. In ba ni a baya sai ya ji babur ɗin ba daɗi."

Yaya mace ce mai jiki, ni kuwa tun ina budurwa kamar sillen kara nake. Ranar nan har ƙibarta sai da ta tsaya mini a rai. Ba dukiyarsa nake so ba, hatsi da sabulu ba su yanke mana daga wurinsa ba. So nake in zauna a bayansa sau ɗaya, mutane su gani su ce ga shi can ya ɗauko uwarsa. Amma da wane baki zan roƙa?

Wata bazara matarsa ta haifa mini ango. Yaya ta zo ƙauye muka daka yajin jego tare, ta zauna har ranar suna. Da hantsi sai ga shi ya iso, ƙafafunsa biyu suna jan ƙasa.

"Inna, wa zan fara ɗauka?" ya tambaya, kansa a sunkuye.

"A ɗauki mai ciwon gwiwa," na ce wa bango. "Ni zan taka zuwa titi in hau mota."

Ai an san irin wannan ƙi, jira yake a sake tayi. Yaya ta fi kowa sani, amma ko kallona ba ta yi ba, ta tattare zani ta haye, ta zagaya hannu a cikinsa. Na ɗora ƙwaryar yaji a ka na bi su a baya.

Ba su wuce kukar bakin gari ba tayar ta fara halinta. Gaba ya yi gabas, baya ya yi yamma, ta tona rami ta zauna a ciki, tana ta watsa yashi. Babur ya karkata a hankali, Yaya ta zame ta zauna daɓas.

"Kai, ɗan nan, kashe ni za ka yi ranar suna?"

"Umma, sai dai mu taka. Yashin ya yi laushi da yawa."

Na iso na ce, "Ashe yau ba ta son nauyin."

"Bakinki ne, ƙeƙasasshiya," in ji Yaya, tana kakkaɓe zani.

Ya kama ƙahon babur yana turawa, ni ina gefe da ƙwaryata. Yaya tana taku tana hutawa, har muka daina jin nishinta. Ina jin numfashinsa, ina kallon inuwarsa ta fi tawa tsawo nesa ba kusa ba.

Da muka hau kwalta ya share goshi ya waiwaya. Yaya tana can ƙarƙashin wani gawo, ta zauna.

"Inna, kafin Umma ta ƙaraso, bari in kai ki in dawo."

Na duba hagu, na duba dama, ba kowa sai wani Bafulatani da shanunsa. Wannan karon ban ƙi ba. Na hau a karkace, ƙwarya a cinya, hannuna ɗaya ya kama ƙarfen baya. Rigarsa ma ban bari ta taɓa ni ba.

Ashe gaskiya Yaya take faɗa. Tayar nan da ta gama wulaƙanta mu a yashi, da ta ji kwalta sai ta zama wata halitta. Ba girgiza, ba ƙara, sai wani siririn sauti a ƙasa. Muka bi ta kan faci-facin titi ban ji a ƙuguna ba. A kwanar da ake fara hango duwatsu ta kwanta da mu, ta tashi da mu lafiya. Iska tana kwaso mini ƙamshin turarensa. Na yi zaton zan yi murna. Abin da ya zo mini shi ne, ashe wannan take sha kullum, shekara da shekaru, har da sanya hannu a cikinsa.

Muka isa Takur duk mata suna cikin gida, maza sun watse daga raɗin suna. Ba wanda ya ga saukata sai awaki. Ya karɓi ƙwaryar ya ajiye a zaure, ya ce, "Inna, ki shiga, na bar Umma a rana."

Ya juya kan babur. Ni a hankali ya kawo ni, kamar mai ɗauke da ƙwai. Wurinta kuwa da gudu ya koma, har na daina ganinsa ina jin kukan injin. Na gyara mayafi, na ɗauki yajina, na yi sallama.